Haɗa kayan fatsar ƙwaron bogi: abin da na rubuta daga Maris zuwa Mayu

Asabar, 1 ga Maris

Na buɗe wannan littafi ne don na san halina. In ban rubuta ba, nan da wata biyu zan rantse ban taɓa yin kuskure a wannan aiki ba. Aikin kuwa shi ne in haɗa kayan fatsar ƙwaron bogi tun daga tushe, in koyi jifa da su, in kama kifi ko guda ɗaya ne kafin Mayu ya ƙare.

Na fi shekara goma ina fatsa irin wadda kowa ya sani: ƙugiya, tana, ɗan dalma, ka wurga ka nemi inuwa ka zauna. A can nauyin dalma ne ke jan zare ya kai shi tsakiyar ruwa. A nan kuwa al'amarin a juye yake. Abin da ke jikin ƙugiya 'yan gashin tsuntsu ne da zare, an ɗaure su sun yi siffar ƙwaro, in ka jefa shi da hannu ko taku uku ba zai yi ba iska za ta dawo maka da abinka. Igiyar ce mai nauyi, ita ake jifa, ƙwaro ɗan rakiya ne kawai. Na karanta wannan bayani ya fi sau biyar, na gyaɗa kai, sannan na kwana ina kallon hotunan kwarkwaron naɗe igiya a intanet, wanda 'yan sana'ar ke kira ril. Akwai wani mai launin tagulla, an huhhuda gefensa kamar saƙar zuma, ya shiga raina sosai. Saura kaɗan in saya. Abin da ya taka mini birki shi ne lambobin da ke gefensa, 3/4, 5/6, 7/8, alhali ban san me ake ƙirgawa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Akwai wani dattijo da nake gani a bakin tafkin da nake zuwa, shi kaɗai ke yin wannan irin fatsa. Igiyarsa koriya shar takan miƙe a bayansa, ta juyo gaba, ta kwanta a kan ruwa ko ƙara ba ka ji. Yau na yi ta maza na gaishe shi, na nuna masa hoton kwarkwaron a waya.

Ya duba, ya miƙo mini wayata. "Yana da kyau. Wane kifi za ka kama da shi?"

Na ce, "Baba, duk wanda ya samu."

Ya yi dariya har da dafa gwiwa. "Ɗana, ka fara gini daga rufi. Faɗa mini sunan kifin tukuna."

Da muka zauna ya warware mini zancen daki-daki. Kifin da kake nema shi ke faɗa maka girman ƙwaron da za ka ɗaura. Girman ƙwaro da ƙarfin iskar wurin su ke faɗa maka nauyin igiyar da za ta iya ɗaukarsa. Nauyin igiya shi ke zaɓen sanda. Kwarkwaro shi ne autan kayan, kuma in ƙananan kifaye kake nema aikinsa bai wuce ajiyar igiya ba, tunda da hannu ake janyo kifin. Wato abin da na hana idona barci a kansa shi ne ƙarshen layi.

Na dawo na rubuta amsar da ya kamata in ba shi. Kifina karfasa ne da ire-irensa masu farautar ƙwari a gefen ciyawa, yawancinsu ba su kai kilo ɗaya ba. Ruwan mai ɗumi ne, wurin fili ne fetal, da la'asar kuma iska ba ta wasa. Tsage da giwan ruwa suna raina, amma ba bana ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na zauna da lambobin nan sai da na gane kansu. A da, zamanin da ake saƙa igiyar da siliki, da haruffa ake bambanta ta, kowane harafi yana nuna kauri. Da aka koma yin ta da nailan da roba sai kauri ya daina faɗin gaskiya: ka ga igiya biyu kaurinsu ɗaya amma nauyinsu ya sha bamban, ita kuwa sanda nauyi take ji. Shi ya sa a farkon shekarun 1960 ƙungiyar masu ƙera kayan fatsa ta Amurka ta fito da ma'aunin da ake bi har gobe. Ana auna ƙafa 30 na farkon igiya, wato mita 9 da ɗan ɗoriya, a ba ta lamba gwargwadon nauyinta. Lamba 5 giram 9.1 ce, lamba 6 giram 10.4, lamba 8 kuma giram 13.6. Lambar da ke jikin sanda tana nuna nauyin da zai lanƙwasa ta daidai. Ta jikin kwarkwaro tana nuna igiyar da za ta shiga cikinsa har ta bar ɗan wuri.

Tsakanin 5 da 6 ko giram ɗaya da rabi babu, amma Baba ya ce hannu yana jin bambancin, musamman in iska ta fuskanto ka.

Kusan duk inda na duba shawarar da ake ba sabon shiga ɗaya ce: sanda mai ƙafa 9, lamba 5. Shawara ce mai kyau, sai dai a dubi masu ba da ita. Galibinsu masu kamun kifin tirawut ne a kogunan sanyi na Turai da Amurka, da ƙananan ƙwari marasa jiki. Ni iska ce damuwata, kuma ina son jefa ƙwari masu ɗan kumari, irin masu yawo a saman ruwa suna fantsala shi. Na tsaya a kan lamba 6. Lamba 3 da 4 na ƙananan ƙoramu ne. Lamba 8 da 9 na masu neman tsage a kogin Zambezi ne da masu kifin bakin teku, kama karfasa da su kamar ɗauko gatari ne don fiƙe fensir.

Asabar, 22 ga Maris

Yau ranar sanda ce. In aka bi abin da ake yin su da shi, iri uku ne. Akwai ta gora, wadda ake tsaga wata irin gora da ke fitowa a kudancin ƙasar Sin, a fere ta sala shida, a manne su su ba da kusurwa shida. Kyakkyawa ce, tana da ɗan nauyi, tana son lallashi, ba ta sabon shiga ba ce. Akwai ta faiba, wadda ta yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tana lanƙwasa har kusa da mariƙi, tana kuma jure wulaƙanci. Sai ta kabon, wadda ta shigo a farkon shekarun 1970 ta mamaye kasuwa saboda rashin nauyinta. Ta kabon zan saya, a nan ban yi gardama da kaina ba.

Inda na daɗe shi ne batun lanƙwasa. Wata sandar kanta kaɗai ke lanƙwasa, sauran jikin a sandare, ita ake ce wa mai sauri. Tana keta iska, tana kai igiya nesa, amma sai hannun da ya san lokaci, don in ka makara ko ka yi gaggawa da ƙiftawar ido ɗaya jifan ya lalace. Wata kuma tana lanƙwasa zuwa tsakiya, tana barin ka ji nauyin igiya lokacin da ta gama miƙewa a bayanka.

Baba ya ba ni nasa guda biyu na gwada. Da mai saurin ban ji komai ba, kamar ina kaɗa rodi. Da ɗayar kuwa, a jifa na shida ko na bakwai na ji wani ɗan ja a bayana, kamar ƙaramin yaro ya riƙe gefen rigata. Baba ya ce, "To, yanzu!" Na tura hannu gaba, igiyar ta tafi ɗoɗar ta kwanta. Sau ɗaya tak ya faru a cikin jifa wajen arba'in, amma ya ishe ni yanke hukunci. Wannan ɗan jan shi nake son koyon ji, saboda haka sandar da ke bari in ji shi ita ce tawa, ko da mai saurin ta fi ta suna.

Sauran sharuɗɗan da na rubuta: ta zama mai gaɓa huɗu, kowace gaɓa kamar santimita 70, ta shiga jaka. Ta zo da bututun ajiya mai ƙwari. A kuma tabbatar ana iya sayen gaɓar sama ita kaɗai in ta karye, don ita ce ke fara tafiya. Baba ya ce ƙofar mota ta fi kifi karya sanduna. Ya kuma ja mini kunne cewa kabon yana ɗaukar lantarki: in hadari ya haɗo ana walƙiya a kwantar da sanda ƙasa, kafin jifa kuma a ɗaga kai a duba ko akwai wayar wuta.

Na ɗan yi sha'awar salon Japan da ake kira tenkara, doguwar sanda ce da igiya ɗaure a kanta, babu kwarkwaro sam. An yi ta ne domin ƙoramun kan duwatsu. A tafki mai faɗi ba inda za ta kai ni.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Kaya sun iso, kuma dole in rubuta laifina. Baba ya ce in sayi igiya daban. Ni kuwa na ga wani haɗi, sanda da kwarkwaro da igiya duk a kwali ɗaya, na ce ai jifa ɗaya tsuntsu uku. Sandar ba laifi, ita ce wadda nake so, mariƙin ya zauna a hannuna, zobban da igiya ke bi ta cikinsu a jere suke ba wanda ya karkace. Kwarkwaron ma zai yi aiki, baƙi ne ba ado. Igiyar ce ta ba ni kunya.

Na kai ta bakin ruwa da rana tsaka. Kafin rabin awa ta yi laushi tuɓus, tana danƙo a yatsa, tana manne wa zobba maimakon ta sulale. Wadda na tara a ƙasa kusa da ƙafata ta cukurkuɗe sau uku. Kanta kuma, da ya kamata ya yi yawo a saman ruwa, ya fara nutsewa. Da na bincika sai na gane ashe igiya ma tana da yanayinta. Wadda aka yi domin ruwan sanyi tana da laushi don kada ta sandare, in ta sha zafi sai ta saki jiki. Wadda aka yi domin zafi cikinta da fatarta sun fi tauri, ita kuma in ka kai ta ruwan sanyi sai ta nannaɗe kamar waya. A kwalin da aka aiko mini ba a rubuta ko ɗaya ba.

Don in huce haushi na auna ƙafa 30 daga kanta, na naɗe, na ɗora a ƙaramin sikeli. Giram 11.4. Lamba 6 bai kamata ta kai giram 11 ba, lamba 7 kuwa giram 12 ce, wato wannan tana tsakani. Wannan ba lallai ha'inci ba ne, kamfanoni da yawa suna ƙara wa igiya nauyin rabin lamba da gangan don ta lanƙwasa sanduna masu sauri. Amma dai ya kamata mai saye ya sani.

Na yi odar wata, wannan karon na karanta abin da ke jikin kwalin harafi-harafi: WF6F. Haruffa biyun farko suna nufin an tara nauyin a gaba, bayan kuma siriri ne don ya bi sahu cikin sauƙi. Lambar ita ce nauyi. Harafin ƙarshe yana nufin mai yawo a saman ruwa. Abin da ke hana ta nutsewa wasu ƙananan ƙwayoyin gilashi ne masu iska a ciki da aka cuɗa a fatarta, masu nutsewa kuwa garin ƙarfen tangistin ake zuba musu. Mai yawo ita ce ta farawa, don kana ganinta, kuma ɗaga ta daga ruwa ba wuya. Araha ba ta ado, na ji a jikina. In da zan sake farawa, a igiya zan fi sakin hannu, in matse a kwarkwaro.

Asabar, 5 ga Afrilu

Igiyar jifa gajeriya ce, kamar mita 27. Don haka ana fara naɗa wani siririn zare saƙaƙƙe a kwarkwaro kafin ita, in babban kifi ya ja igiyar duka sai ya shiga wannan. Karfasa ba zai taɓa kai ni can ba, amma zaren yana da wani amfanin: yana cika cikin kwarkwaro, igiyar ta naɗu a da'ira mai faɗi, ba ta riƙe lanƙwasa. Na sa mai ƙarfin kilo 9. Na zuba da yawa, har ya zamana ba wurin igiya, tana gogar firam. Sai da na warware na yanke wajen mita 20.

Birkin kwarkwaro iri biyu ne, mai ƙaras-ƙaras na ɗan haƙori da sifirin, da mai faifai da ake ɗaurewa ko a sassauta. Nawa mai faifai ne, na sassauta shi iya yadda igiya ba za ta zubo da kanta ba. Na juya shi ya koma naɗi da hagu, tunda da dama nake jifa.

Wani abu da ya ba ni dariya: hujojin nan da suka ruɗe ni a daren farko ba don ado aka fara yin su ba. A 1874 Charles Orvis, a jihar Bamont ta Amurka, ya yi rajistar kwarkwaro mai huji-huji don iska ta shiga ta busar da igiyar siliki kada ta ruɓe, nauyi kuma ya ragu. Igiyar yau ba ta ruɓewa, hujojin dai sun zauna.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sabuwar igiya ta iso, na ɗaura. Saura abin da ni na sa wa suna wutsiya. Igiyar jifa mai kauri ce mai launi, ba kifin da zai kusanci ƙwaron da aka ɗaura a kanta kai tsaye. Saboda haka ana haɗa mata wani zaren nailan garai-garai, yawanci ƙafa 9, gindinsa da kauri, yana sirancewa har zuwa tsini. Wannan sirancewar ita ke karɓar ƙarfin jifa daga igiya ta kai shi ga ƙwaro ya sauka a hankali. Duk sanda ka canza ƙwaro kana yanke ɗan tsinin, don haka akwai ƙaramin naɗi na zare da ake ƙara wa wutsiya in ta gajarce.

Lambobinsa su ma a juye suke: yadda lamba ke hawa haka zaren ke sirancewa. 0X kaurinsa milimita 0.28, 3X milimita 0.20, 5X kuma 0.15. Ƙugiya ma haka take, lamba 14 ta fi lamba 8 ƙanƙanta. Akwai wani lissafin hannu da ke haɗa su: ka raba lambar ƙugiya gida uku, abin da ya fito shi ne zaren. Ƙugiya 12 tana son 4X. Na sayi 3X da 4X kawai.

Akwai wani zaren da ake kira fulorokabon, ya fi nailan nauyi don haka yana saurin nutsewa, ya fi jure gogar dutse, kifi kuma bai cika ganinsa a ruwa ba. Ban saya ba. Ba ya ruɓewa da wuri in ya tsinke ya zauna a ruwa, ni kuwa a matakin da nake yanzu abin da zan tsinka ba kaɗan ba ne. Tsage dai ko wanne ka sa masa haƙoransa za su datse, sai an ƙara guntuwar waya.

Na kwana ina ɗaure-ɗaure a kan tebur. Ƙulli uku na ga sun wadatar: na sarƙa madauki cikin madauki tsakanin igiya da wutsiya, na haɗa zare biyu, da na ɗaure ƙugiya. A jiƙa ƙulli da miyau kafin a ja shi, in ba haka ba zafin gogayya yana raunana nailan. Na gwada busasshe da jiƙaƙƙe na ja da hannu, busasshen ne ya fara tsinkewa, kuma daidai kan ƙullin.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mako guda ina jifa a fili mai ciyawa, minti ashirin kullum, da guntun ulu ja a madadin ƙwaro. A kan siminti ko kwalta ba a yi, yana cinye fatar igiya. Kwana biyun farko abin da ake ji kawai tas! tas! kamar mai kora da bulala. Wannan ƙarar alama ce na turo hannu gaba tun igiyar ba ta gama miƙewa a baya ba, kuma kowace ƙara tana tafiya da ulun. Sai ƙulle-ƙullen da ke fitowa da kansu a jikin wutsiya, waɗanda ake ɗora wa iska laifinsu alhali hannu ne ya fizga da ƙarfi a farkon jifa. Ran Laraba na ƙirga biyar a wutsiya ɗaya.

Yau na ga kamar na iya, na je tafki na ɗaura ƙwaro na gaske. Iska tana busowa daga damana, wato tana turo igiyar kaina. Baba ya ce in juya in ba ta baya. Na ce bari in yi ɗaya tukuna. Ban san lokacin da abin ya faru ba, sai ji na yi kamar rina ta harbe ni a kunne. Ƙugiya lamba 10 ta shige ta saman kunnena na dama, gashin ƙwaron yana reto a gefen fuskata.

Baba ya zo ya duba, ya ce, "Ka gode Allah da ka ji maganata ta jiya." Jiyan ya sa na sa hantsaki na danne kunnen kowace ƙugiya, wato ɗan ƙayar nan da ke hana ta fita. Ya zare ta sumul, jini ɗigo biyu. Da kunnenta na nan sai asibiti. Da kuma ta sauko da faɗin yatsa uku, ido ne.

A jerin kayana na sa tabarau da hula a can ƙasa, cikin abubuwan da za su iya jira. Yau na mayar da su saman sanda. Tabarau irin mai kashe ƙyallin ruwa na saya, yana kare ido, kuma da shi kana hango abin da ke ƙarƙashin ruwa, ciyawa da duwatsu da inuwar kifi.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Ƙwari su ne inda mutum ke iya haukacewa, samfurinsu dubbai ne, kowanne da sunansa. Abin kuwa tsoho ne. Wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubucin Rum mai suna Eliyan ya bayyana yadda mutanen Masedoniya ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu su kama kifi. Da na tuna wannan sai na rage buri.

Aikinsu dai kashi uku ne. Masu zama a saman ruwa kamar ƙwaron da ya faɗo. Masu nutsewa su kwaikwayi 'ya'yan ƙwari da ba su yi fiffike ba tukuna, kuma a nan ƙasan ne kifi ya fi ci. Sai masu kama da ɗan kifi ko matsattsaku, waɗanda ake ja kaɗan-kaɗan. Na ɗauki kaɗan-kaɗan daga kowane kashi, duka goma sha biyu a ƙaramin akwati. Cikinsu akwai wanda Frank Sawyer, mai kula da kogin Abon a Ingila, ya ƙirƙira da gashin wutsiyar tsuntsun fezan da siririyar wayar tagulla kawai, ko zare bai sa ba. A hannu ba ya kama da komai, ɗan abu ne ruwan ƙasa. Sai Woolly Bugger, baƙi da kore, mai wutsiya lallausa da ke numfashi a ruwa. Sai 'yan masu kan soso guda uku domin sama.

Baba ya sa na ɗaga wani dutse a gefen ruwa na juya shi. Ƙananan halittu suna ta gudu a jikinsa, ruwan ƙasa da kore-kore, tsawonsu bai kai farce ba. Ya ɗora ƙwaron Sawyer kusa da ɗaya, ya dube ni, bai ce komai ba.

Ƙananan kaya: abin yanke farce domin datse zare, hantsakin nan, da ƙaramar koma mai ragar roba wadda ba ta kankare santsin jikin kifi.

Asabar, 10 ga Mayu

Wandon shiga ruwa ban saya ba, kuma ba na jin zan saya bana. An yi shi ne domin ruwan sanyi. Wanda zai saya dai kada ya shiga ruwa bai ɗaure bel a ƙugu ba, don in ya faɗi wandon cika yake da ruwa. Takalman da ke da tafin ulu matsattse suna riƙe dutse mai santsi, amma suna daɗewa ba su bushe ba, suna kwasar gansakuka da cututtuka daga wani kogi zuwa wani. Niyu Zilan ta hana masu fatsa amfani da su tun 2008, wasu jihohin Amurka kamar Alaska su ma sun hana. Ni daga gaɓa nake jifa, tsohon takalmina mai tafin roba ya ishe ni.

Abin kunya na yau: ina cikin jifa sai ga rabin sandata ta sama ta fice ta bi igiya ta faɗa ruwa. Ban matse mahaɗar da kyau ba, awa biyu ina jifa ban duba ba. Allah Ya taimake ni ƙwaron ya maƙale a zoben ƙarshe, na janyo ta a hankali. Na duba bakin mahaɗar da kyau, ba tsaga. Mahaɗa mai sako-sako tana iya fasa sanda ko ba ta fice ba. Na goga mata ɗan kakin kyandir, kuma daga yau duk rabin awa sai na murɗa kowace gaɓa na ji.

Kifi biyu sun taso wa mai kan soso. Duka biyun na fizga da ƙarfi irin na fatsar tana, na cire musu shi daga baki.

Asabar, 24 ga Mayu

Na isa tafki rana ba ta fito ba, iska a kwance. Na ɗaura ƙwaron Sawyer lamba 12 a kan 4X. Ban nemi nisa ba, jifana mai kyau bai wuce mita 10 ba har yanzu, don haka na laɓaɓa kusa da wata ciyawa na durƙusa. Da tabarau na ga inuwa uku suna shawagi a gefenta. Jifa na farko ya faɗa kansu, suka watse. Na jira wajen minti goma suka dawo. Na biyu ya sauka kamar taku biyu gabansu. Na ƙirga biyar ƙwaron ya nutse, na ja igiya da hagu tsawon yatsa, na tsaya, na sake ja. Kan koriyar igiyar ya ɗan zabura gaba, kaɗan ƙwarai, da mai nutsewa ce da ban gani ba. Wannan karon ban fizga ba, na ɗaga sanda kawai.

Karfasa ne, tsawonsa kamar tafin hannuna da rabi. Sandar ta lanƙwasa zuwa tsakiya, ina jin kowace girgizar kansa a mariƙi. Da hannu na janyo igiyar tana taruwa a gabana, kwarkwaro ko juyi ɗaya bai yi ba. Na jiƙa hannu, na zare ƙugiyar da hantsaki cikin koma, na sake shi. Baba yana can nesa, ya ɗaga hularsa sama ya mayar.

Na ƙara ɗaya kafin iska ta taso wajen ƙarfe tara, na kuma bar ƙwari uku a kan wata bishiya da ke bayana. Akwatina saura tara, wutsiya ta gajarce zuwa ƙafa 7, sai na ƙara mata. Igiya ta ɗauki datti, gobe zan wanke ta da ruwan ɗumi da ɗan sabulu in goge da tsumma. Baba ya ce ran Asabar in zo da wuri, zai nuna mini jifan da ake mirgina igiya a kan ruwa ba tare da ta je baya ba, saboda bishiyar nan.